Tarin Gwaggo

Babu wanda ya kwana biyu a unguwar nan da bai san tarin Gwaggo ba. An sa shi a rediyo, an nuna shi a talabijin, har yara kwaikwayonsa suke yi a hanyar makaranta, wannan ya dafe ƙirji, wancan ya riƙe masa kai, su kwashe da dariya. Tarin kam ya yi suna. Ɗakin da ake yin sa ne ba wanda ya damu da shi.

Gidan ba ƙarami ba ne. Da ka shigo akwai falo, da ɗakin mai gida, da na matarsa, da na yara, sai wani ɗaki mai taga biyu da ke kallon titi. Idan ka ratsa tsakar gida, ka wuce igiyar shanya, ka wuce banɗaki, can a ƙurya za ka ga wata 'yar ƙofar langa-langa. Asali don ajiye tarkace aka yi ɗakin. Nan Gwaggo take, ita da gadonta na ƙarfe, da akwatinta, da keken da take ɗinka wa 'yan makaranta yunifom. Bangon ɗakin na baya jingine yake da katangar kamfanin narka roba, tagarsa guda ɗaya kuwa ba ta kallon komai sai bututun hayaki.

Mai gidan ɗan wanta ne. Ita ta goya shi tun da uwarsa ta rasu ta bar shi yana rarrafe, ita kuwa Allah bai ba ta nata ba. Duk unguwa Ciyaman ake ce masa, don shi ne shugaban ƙungiyar unguwa. Ita kaɗai ke ce masa Babana, saboda sunan mahaifinta ya ci. Matarsa tana koyarwa a firamare, kowa Malama yake kiranta.

Lokacin da Gwaggo ta tare a ɗakin, bayansa fili ne, samari na buga ƙwallo, iska na shigowa har ta ɗaga mata yadi daga kan keke. Sai aka wayi gari an kewaye filin, an kafa injuna, manyan motoci na juye tsofaffin robobi da ledoji tuli-tuli. Ranar da aka kunna wuta, unguwa ta san ta yi sabon maƙwabci. Wari ne mai kama maƙogwaro, irin wanda ko ka rufe baki sai ka ji ɗacinsa a harshe. Ka share daɓe da safe, kafin azahar ya yi baƙin da za ka iya yin rubutu a kai da yatsa.

A faɗi gaskiya, Ciyaman ya tsaya. Shi ya bi gida-gida yana cewa sili ɗaya ba ya shara. Ya haɗa kan mai shayi da mai kemis da direbobi da matan aure, suka je hukumar kula da muhalli aka ce su dawo, suka dawo aka ce oga ya yi tafiya, suka sake dawowa. Takalminsa ya cinye a hanyar ofisoshi. Ɗakin nan mai taga biyu ya mayar da shi ofishin ƙungiya, ya sa tebur da kujeru da fanka, ya kafa allo a ƙofa. Ranar Asabar da yamma ake taro. Sauran kwanakin a kulle yake, makullin na aljihunsa.

In Gwaggo ta jiyo muryarsa a lasifika, sai ta tsayar da keke ta kasa kunne. "Wannan bakin ni na fara sa masa abinci," take cewa a ranta, ta yi murmushi ita kaɗai.

Sana'arta ce ta fara tafiya kafin lafiyarta. Wata safiya matar direba, wadda ta shekara da shekaru tana kawo ɗinkin 'ya'yanta, ta zo da leda a hannu, ta tsaya daga bakin ƙofa tana toshe hanci da gefen mayafi.

"Gwaggo, don Allah kada ki ji haushina. Dubi rigar nan."

Farar riga ce sabuwa fil, kwana ɗaya ta yi a rataye a ɗakin, amma kafaɗunta sun yi kamar an goge gindin tukunya da su.

"Na wanke, na sake wankewa, warin ya ƙi fita. Yaron ya ce a aji ƙonanniyar taya suke ce masa."

Gwaggo ta yi dariya don kada ta yi kuka, dariyar ta juye ta koma tari. Daga ranar masu kawo ɗinki suka fara janyewa ɗaya bayan ɗaya, da su da hirar da suke zuwa da ita. Da can ƙofar ɗakin ba ta rabuwa da takalma. Yanzu nata ne kaɗai, ƙafa biyu, a jere.

Ta daɗe tana juya maganar a ciki, don ita ba ta saba roƙo ba. Ran nan dai da Ciyaman ya leƙo gaishe ta, yana tsaye a ƙofa da waya a hannu, ta ce, "Babana, shigo ka zauna mana."

"Sauri nake yi, Gwaggo. Da magana ne?"

"Ɗakin nan na gaba nake cewa. Tunda sau ɗaya kuke shiga a mako, da ka bar ni ina kwana a ciki. Ranar taronku sai na naɗe shimfiɗata na fito. Ko keken ba sai na kai ba."

Ya yi murmushi irin na wanda ƙaramin yaro ya yi wa tambaya. "Haba Gwaggo! Ofis ne fa. Manyan mutane ke shiga, ga lauya, ga 'yan jarida. A zo a tarar da katifa da buta? Ki ƙara haƙuri, kamfanin nan kwanansa ya ƙare. Nan da wata ɗaya za ki ga an garƙame shi. Ai don ke nake wannan wahalar."

"Haka ne. Allah ya taimaka."

Watan ya zo ya wuce, ya jawo ƙannensa. Tarin ya sauka daga maƙogwaro ya koma ƙirji, in ta tofar sai ta ga baƙi. Ta tattara ƙyallayen da suka rage mata na ɗinki, ta jiƙa su, ta cusa a kowace kafa ta tagar. Hayaki ya ragu, zafi ya ƙaru. Kullum sai ta zaɓa: ko ta buɗe ta shaƙa, ko ta rufe ta dahu.

A cikin 'yan kwamitin ƙungiya akwai wata ma'aikaciyar jinya, doguwa, mai faɗar magana ba kwana-kwana, ana ce mata Nas. Ita aka ɗora wa zagaya gidaje ta duba masu ciwon ƙirji. Da ta iso ɗakin Gwaggo ba ta tsaya a ƙofa ba, ta cire takalmi ta shiga ta zauna a bakin gado.

"Tun yaushe kike kwana a nan, Gwaggo?"

"Tun kafin su zo, 'yar nan."

"Ja numfashi. Sake ja."

Ta cire abin sauraron ƙirji daga kunne, ta dubi rufin ɗakin da ya yi baƙi ƙirin, ta dubi tagar da ƙyallayenta. "Duk unguwar nan ban shiga ɗakin da ya kai wannan ba. Ko akuya ba a ɗaurewa a nan."

Ta fita. Bangon ba kauri gare shi ba, Gwaggo ta ji komai daga tsakar gida.

"Ciyaman, yau ɗin nan ya kamata a fitar da tsohuwar nan daga ɗakin can. Huhunta ya fara taɓuwa."

"Na sani, Nas. Wa ya fi ni sani? Amma duba nan. Masu bincike daga hukuma za su zo ƙarshen wata da na'urar auna iska. Lauya ya ce abin da zai kama kamfanin shi ne a tarar da mutum a jikin katangar, yana kwana yana tashi. In muka ɗauke ta, sai su ce ai ɗakin tarkace ne, ba kowa a ciki. Shi ke nan hujjarmu ta bi ruwa."

"To ta koma gaba, ranar da za su zo a dawo da ita."

"Na yi ƙarya ke nan? Mutanen kamfani suna da kunnuwa a unguwar nan. Ni ba na gina gwagwarmaya a kan ƙarya."

"A kan ƙirjin gwaggonka dai ka yarda ka gina ta."

"Gidana ne, Nas. Ki tsaya a kan aikin da aka ba ki."

Gwaggo ta ɗora hannunta a kan keke. A rayuwarta an ce mata gwaggo, an ce mata uwa, an ce mata tela. Ba ta taɓa sanin za ta zama hujja ba.

Maganar huhun nan ta shiga kunnen Malama ta wata fuska dabam. Da yamma sai ga ta da kofi da kwano da cokali, kowanne an ɗiga masa jan fenti.

"Gwaggo, ba wani abu ba ne. Kin san yara ba ƙarfin jiki gare su ba. Kafin a tabbatar ba tarin fuka ba ne, gara a yi rigakafi."

"Ai Nas ta ce hayaki ne. Hayaki kuwa ba a ɗaukarsa a kofi."

"Nas ai ba likita ba ce."

Daga ranar aka hana yara ƙetare igiyar shanya. Da can suna dawowa daga makaranta ɗakinta suke nufa, su hau gado da datti, su zubar mata da maɓallai, ta raba faɗa, ta yi ta mita alhali daɗi take ji. Yanzu sai dai ta jiyo muryoyinsu daga nesa kamar rediyon maƙwabta. Abinci kuwa a kan wani bulo ake ajiye mata a bakin ƙofa, a ƙwanƙwasa langa-langar, a juya. Ta ce to ko a falo ne a bar ta ta riƙa wuni. Malama ta ce kujerun na yadi ne, suna riƙe cuta.

Masu binciken ba su zo ƙarshen watan ba. 'Yan jarida ne suka zo.

An faɗa mata za a yi baƙi, don haka ta yi wanka, ta buɗe akwati ta ɗauko zanen da take ji da shi. Da sassafe Ciyaman ya shigo har tsakiyar ɗakin, abin da ya daɗe bai yi ba. Zuciyarta ta yi fari, ta matsa masa wuri a bakin gado. Shi kuwa tagar ya nufa, ya shiga zare ƙyallayen yana watsarwa ƙasa.

"Babana, hayakin fa?"

"Na yau ne kawai, Gwaggo. So ake a ga zahiri." Ya juyo ya dube ta sama da ƙasa. "Wannan zanen ya yi kyau da yawa. Ina wancan tsohon da kike ɗaurawa kullum?"

Ta canja. Suka shigo da kyamara da fitila, da wata budurwa mai riƙe da makirufo. Kowa da takunkumi a hanci, ban da ita.

"Mama, yaya jikin?" in ji budurwar.

"Da sauƙi."

"A'a, Gwaggo," Ciyaman ya katse ta. "Yau ba a cewa da sauƙi."

Mai kyamara ya tambaya ko za ta ɗan yi musu tarin nan. Ba sai da ta ƙirƙira ba. Taga na buɗe, injuna na aiki, tarin ya zo da kansa ya shaƙe ta, ta riƙe ƙafar keke, idanunta suka firfito suna ruwa.

"Ya yi! Ya yi kyau sosai," in ji mai kyamara.

Ciyaman ya durƙusa kusa da ita, ya dafa kafaɗarta. "Wannan uwata ce. Ita ta goya ni. Ina ji ina gani tana ƙarewa a gabana, ba yadda zan yi." Hawaye suka zubo masa. Abin da ya ɗaure wa Gwaggo kai ke nan. Ta san kukansa na ƙarya tun yana yaro, ta san yadda yake matse ido. Wannan ba na ƙarya ba ne. Da gaske yake kuka, kuma makullin na nan a aljihun rigar da hawayen ke ɗiga a kai.

Da suka watse babu wanda ya tuna da ƙyallayen. Ita ta wuni tana mayar da su, ta cusa ɗaya ta huta, ta cusa ɗaya ta huta.

Hoton ya yi aiki. Waɗanda da can suke cewa ba ruwansu suka fara cika taron Asabar har waje. Aka buga fuskar Gwaggo a kwalaye. Ƙanwarta da ke aure a wani gari ta kira ta a waya, murya cike da murna.

"Yaya! Mun gan ki a talabijin! Kai, kin yi dacen ɗa. Dubi yadda yake kuka saboda ke, har ni sai da na yi ƙwalla."

Gwaggo ta yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe ta ce ko za ta zo ta kwana biyu a wurinsu, ta ɗan sha iska.

"Ki zo ina? Ki bar ɗanki a tsakiyar faɗa? Mutane su ce me? Ga gidanmu kin san yadda yake, kamar gwangwanin kifi. Ki dai yi ta yi masa addu'a, irinsa ba su da yawa."

"Ba su da yawa kam," in ji Gwaggo. Ta kashe wayar. Inuwar giginya ke nan, na nesa ka sha.

Kwanaki suka zama iri ɗaya. Ƙafarta ta daina iya taka keke, ta lulluɓe shi da tsohon labule. Zuwa banɗaki sai ta huta a hanya. Salla ta koma yi a zaune. Ta san lokutan kamfani fiye da mai gadinsu, ta san sa'ar da ake kunna babban inji, da sa'ar da ma'aikatan safe ke miƙa wa na rana. Akwai wani ma'aikaci a bayan katangar, ba ta taɓa ganinsa ba, amma shi ma yana tari. Wani lokaci in ta yi nata sai ya yi nasa, kamar masu gaisawa. Har ta saba da shi, in ya makara ta damu. Wata rana ta daina jin sa. Ta kasa kunne kwana da kwanaki, shiru. Ta yi masa addu'a, ba ta san ko ta mai rai ce ko ta mamaci ba.

Daga ƙarshe hukuma ta yarda za ta aiko babban jami'inta ya saurari mutanen unguwa. Aka kafa rumfa a filin makaranta. Ciyaman ya sa aka ɗauko Gwaggo a kujera, aka sa ta a mota. Tana fita titi iska ta buge ta, mai sanyi, marar ɗaci, ta riƙa jan ta kamar mai ƙishirwa. Da ma a ce hanyar ta fi haka tsawo.

Tun a gida ya koya mata abin da za ta ce: a rufe kamfani, shi ke nan. Aka yi jawabai, mai kemis ya yi bayanin yadda maganin tari ke ƙarewa a shagonsa, wata uwa ta ɗaga jaririnta mai numfashi kamar usur. Sannan aka kawo wa Gwaggo makirufo. Ta dubi jama'a, ga su nan maƙil, duk suna kallonta da tausayi. Tunda take ba ta taɓa kai zancen gida waje ba. Amma ta yi tunanin abin da ya hana ta a ɗaki, ba zai iya hana ta a gaban mutane ba.

"Ni dai," ta ce, muryarta na fita da ƙyar, "ɗaki nake so a canja mini. Akwai ɗaki a gaba, mai taga biyu. In an buɗe mini shi na samu iska..."

Tari ya ƙwace sauran maganar. Kafin kowa ya gama fahimta, Ciyaman ya karɓe makirufon.

"Kun ji ko? Kun ji hikimar manya! Unguwar nan ita ce ɗakin. Gwaggo ta ce a canja mana shi, a buɗe mana taga mu sha iska!"

Fili ya kaure da tafi. "A buɗe taga! A buɗe taga!" Babban jami'in ma sai da ya gyaɗa kai. Gwaggo ta hango Nas ta miƙe tana ɗaga hannu, bakinta na motsi, amma lasifika ta fi ƙarfinta.

Da aka mayar da ita gida, Ciyaman ya tsaya a ƙofar langa-langar, bai dube ta ba.

"Gwaggo, yau kin so ki kwance mini zane a kasuwa. Ban taɓa zaton haka daga gare ki ba."

"Babana, numfashi ne yake gagarata."

"Duk unguwa numfashin ke gagararsu. Ke kaɗai ce za ki ce kanki kika sani?"

Daga ranar ko leƙowar ya daina. Ya kuma aika wa Nas cewa an gode, an ɗauke mata duba gidansa.

Ranar da ƙungiya ta shirya babbar zanga-zanga, gidan ya tashi da hayaniya. Malama ta shirya yara, kowa da kwalinsa, aka ja ƙofa aka fita. Kamfani kuwa kamar da gayya, ya buɗe wuta tun safe, iska ta juyo da hayakin gaba ɗaya ta kan ɗakin. Gwaggo ta ji ƙirjinta ya ɗaure kamar an ɗora mata dutse. Ta kira Malama, ta kira Babana, sannan ta tuna babu kowa. Ta lallaɓa ta sauko daga gado, ta bi bango ta buɗe ƙofa, tana son ta kai tsakar gida. Ba ta kai igiyar shanya ba ƙafafunta suka saki. Ta kwanta a kan siminti mai zafi, kuncinta a ƙasa, tana kallon tururuwa na wucewa ta gaban idonta. Daga can nesa tana jiyo su, murya ɗaya, da ƙarfi: "A buɗe taga! A buɗe taga!"

A asibiti ta farka, da robar iska a hanci. Daga baya Nas ta ba ta labari. A tsakiyar zanga-zangar ita Nas ta ga Malama da yara duka, ta tambaye ta wa aka bari da Gwaggo, Malama ta ce ai an ajiye mata abinci. Nan ta yar da kwalinta ta juyo da gudu.

Likita ya ɗaga hoton ƙirjin ya daɗe yana kallo. "Me ya sa ba a raba ta da wurin tun da wuri ba?"

Nas ta dubi Gwaggo. Gwaggo ta dubi rufi.

Likitan ya ce abin da ya lalace ya lalace, ba zai dawo ba. Za ta rayu in an kula, amma ita da robar iska sun zama abokan zama.

Abin mamaki, Gwaggo ta ji daɗin asibiti. Ɗakin mata ne mai faɗi, tagogi manya-manya a buɗe. Ta gadon dama mai ciwon ƙafa ce, bakinta ba ya gajiya, ta ce wa Gwaggo, "Ke ce ta talabijin? Ashe ma kin fi kyau a fili!" Rabon da wani ya tsokane ta har ta manta. Ciyaman ya aiko da lemo da gaisuwa, ya ce yana kotu, da zarar ya samu kansa zai zo.

Wata rana Nas tana gyara mata matashi ta ce, "Ɗakin 'yata da ta yi aure yana nan ba kowa, tagarsa lambu take kallo. In an sallame ki, mu tafi wurina."

"A ce ina da ɗa na ƙare a gidan wasu? Bar ni tukuna, 'yar nan. Wataƙila yanzu da ya ga haka ya canja."

Ciyaman ya zo kuwa, wata Litinin da hantsi, da sababbin kaya, da 'yan kwamiti a bayansa, da mai kyamara. Ɗakin ya cika har masu jinya suka miƙe tsaye.

"Gwaggo, mun yi nasara! Kotu ta yanke, hukuma ta zo da kanta ta garƙame kamfanin. Yau unguwa ta tashi ba hayaki!"

Ta ɗaga hannu ta gode wa Allah, kuma har cikin ranta ta yi murna. Ta tuna jaririn nan mai numfashi kamar usur.

Ciyaman ya sunkuyo, fuskarsa cike da fara'a. "Kin ga amfanin haƙuri ko? Yanzu ba sai an canja miki ɗaki ba. Har fenti na sa an yi masa. Da an sallame ki sai gida."

Gwaggo ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta juya ta nemi idon Nas a cikin mutane, ta gyaɗa mata kai sau ɗaya. Nas ta gane.

"Gwaggo, ki sa mana albarka," in ji mai shayi. "Ai ke ce uwar tafiyar nan."

Ta sa hannu ta zame robar daga hancinta. Kowa ya ɗaga tafin hannu. A hankali take yi, tana hutawa tsakanin kalmomi. Ta yi wa matan da suka taka a rana da goyo addu'a, aka ce amin. Ta yi wa mai shayi da ya sha rufe teburinsa don zuwa ofisoshi, aka ce amin. Ta yi wa lauya, ta yi wa yaran unguwa Allah ya wanke musu ƙirji. Ta ce ma'aikatan da aikinsu ya tsaya Allah ya ba su wanda ba zai ci lafiyarsu ba. Ta ce Nas kuwa, Allah ya sa ta gama da duniya lafiya. Amin ɗin na ƙara ƙarfi, har masu ciwo a gadajensu suna tayawa. Sai ta tsaya nan, kamar ta gama.

Ciyaman ya yi 'yar dariya, ya saci kallon kyamara. "Ni fa, Gwaggo? An manta da ni?"

"Ina ni ina manta ka, Babana." Ta ja numfashi, ya fita da ƙara. "Allah ya ja kwananka, ya kai ka shekaruna. Allah ya ba ka mai riƙe ka kamar yadda ka riƙe ni."

"Amin!" Ɗakin ya ɗauka gaba ɗaya. Mai ciwon ƙafa har da share ƙwalla. Mai shayi ya bubbuga kafaɗarsa yana cewa, "Ka more, Ciyaman! Wannan addu'ar ba kowa ke samunta ba."

Kowa ya shafa. Shi kaɗai hannuwansa suka tsaya a sama, a buɗe, sun kasa kai wa fuska.

"Ciyaman," in ji Nas, ba da ƙarfi ba, "ba ka ce amin ba."

Mutane suka juyo suna kallonsa, suna jira, kyamara ma na jira. Ya motsa leɓe, ya haɗiyi yawu, ya sake motsawa. Mutumin da ya tsaya a gaban hukuma da kotu bai taɓa rasa abin faɗa ba, yau kalma ɗaya ta gagare shi.

Gwaggo ta mayar da robarta a hanci, ta gyara kwanciya, ta rufe ido.